Tantin 'Yan Gayu da Tantin Korarru

Kwanan nan duk wanda ya buɗe Instagram ko TikTok sai ya ci karo da su. Samari da 'yan mata sun haɗa kuɗi, sun cika mota ko jirgi zuwa Legas, sun hau kwalekwale mai inji sun tsallaka wani bakin teku. Can an kafa musu fararen tantuna masu katifa da labule da fanka, an jera fitilu kamar gidan biki, ana gasa kifi. Turawa na kiran wannan harka glamping, wato kwanan daji na 'yan gayu. Masu shirya tafiyar kuwa kalma ɗaya suke ta nanatawa: ku zo ku huta a inda babu kowa, ku ga halittar Allah yadda take tun asali.

Wannan "babu kowa" ɗin shi ne ya hana ni yin shiru.

Ba ni da faɗa da yawon buɗe ido. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma ɗan Kano ko Zinder da bai taɓa ganin teku ba yana da haƙƙin ya je ya tsaya gabanta ya yi tasbihi. Faɗana da ƙaryar da ake sayar mana tare da tikiti ne. Gaɓar tekun Legas ba ta taɓa zama fili marar mutane ba. Inda duk ka tarar da ita shiru, ka tambaya a gaya maka wa aka tasa.

A watan Yulin 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe unguwar Maroko, aka watsa mutanen da aka kiyasta sun kai dubu ɗari uku. Yau wurin na cikin filaye mafi tsada a Najeriya. Tsakanin Nuwamban 2016 da Afrilun 2017 aka rushe Otodo Gbame, ƙauyen masunta 'yan ƙabilar Egun a yankin Lekki, inda ƙungiyar Amnesty ta ce sama da mutum dubu talatin suka rasa muhalli. A watan Yunin 2017 babbar kotun jihar Legas ta yanke hukunci cewa korar mutanen bakin ruwa ba tare da samar musu matsuguni ba ta saɓa wa tsarin mulki. Hukuncin bai hana a sake ba. A watan Janairun 2020 sojojin ruwa suka dira Tarkwa Bay, suka yi harbi sama, suka tasa dubban mazauna cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Dalilin da aka bayar shi ne fasa bututun mai da ake yi a yankin. To mu ɗauka akwai ɓarayin mai a cikinsu. Wace shari'a ce ta ce a kori tsohuwa mai soya kifi da yaro ɗan makaranta saboda laifin ɓarawo?

Za a ce da ni, ai masu kafa tantin ba su suka kori kowa ba. Gaskiya ne, kuma ban ɗora musu laifin da ba su aikata ba. Amma wanda ya sayi naman da bai san inda aka yanka shi ba, ya kuma ƙi tambaya don kada a ɓata masa ci, ba za a ce hannunsa fes yake ba. Shirun da ake sayar maka na dare ɗaya a kan kuɗin da ya fi albashin wani na wata, da kukan wasu aka samar da shi.

Ita kanta maganar "halitta tun asali" ba ta tsaya da ƙafarta ba. Lafawar ruwan Tarkwa Bay da ake yabo ta samo asali ne daga katangun duwatsun da Turawan mulkin mallaka suka gina a bakin mashigar tashar jiragen ruwa a farkon ƙarni na 20. Katangun nan suka tare yashin da igiyar ruwa ke kwasowa daga yamma zuwa gabas, ya taru a gefe guda, teku kuma ta shiga cin gaɓar Bar Beach a ɗaya gefen. Daga baya aka cike wurin da yashi aka ɗora Eko Atlantic a kai, mutanen ƙauyukan gabas irin su Okun Alfa kuma suna ta kukan cewa teku ta juyo kansu. Gaɓar nan hannun mutum ya sassaƙa ta, kuma kullum mai ƙarfi ke samun yashi, talaka ya samu ambaliya.

Sai kuma abin da masu "ƙaunar halitta" ke yi wa halittar. Fankar da ke kaɗawa cikin tanti janareto ke tuƙa ta. Kiɗa na tashi har asuba. Kunkurun teku na fitowa da dare ya haƙa rami cikin yashi ya saka ƙwai, 'ya'yan kuma idan sun ƙyanƙyashe hasken sararin teku suke bi su faɗa ruwa. Fitilun ado da aka jera saboda hoto na ruɗa su, su nufi tudu, su mutu. Gari ya waye a kwashe tantuna, a bar robobin ruwa da leda da ƙwalaben lemo. Wa zai tsince su? Sau da yawa ɗan'uwanka ne baban bola da ya baro Arewa neman abinci, wanda mai gadi ba zai bari ya matso kusa da tantin ba sa'ad da ake shagali.

Mu 'yan Arewa ya kamata mu fi kowa jin nauyin wannan abu, domin mun san tanti. Mun ga tantuna jere a Maiduguri da Bama da Diffa, inda mata suka haihu suka yaye 'ya'ya a ƙarƙashin tampol. Mun san rugar Fulani da ake naɗewa a ɗora wa sa. Makwancin da talaka ke shiga bisa dole shi aka wanke, aka fesa masa turare, aka sa masa farashi. Mai kuɗi ya kwana a tanti, an ce ya waye. Masunci ya kafa bukka a kan yashin da kakansa ya shanya koma, an ce ya ɓata gari.

Masu harkar za su ce suna samar da aikin yi. Madalla. To a nuna mana. Nawa ke shiga hannun mai kwalekwale? Kifin da aka gasa, daga hannun masuntan wurin aka saya ko daga firinjin wani kanti aka taho da shi? An bar 'yan ƙauyen su ratsa gaɓar zuwa jiragensu, ko an ja igiya an sa mai gadi? Idan amsoshin ba su fito fili ba, to abin inuwar giginya ne, na nesa ka sha.

Don haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, idan an turo muku tallar tafiya a WhatsApp, kada ku tsaya kan tambayar ko akwai wurin sallah da abincin halal, duk da cewa tambaya ce mai kyau. Ku ƙara da cewa: su wa ke zaune a wurin, kuma su wa ke zaune a da? Ku biya mai kwalekwale ba tare da kun matse shi ba. Ku sa a kashe fitilu da kiɗa idan dare ya yi. Ku dawo da shararku cikin jaka. Mai shirya tafiyar da ya harzuƙa don kun yi waɗannan tambayoyi ya riga ya ba ku amsa, sai ku riƙe kuɗinku.