Felipe Alou: Baƙon Da Ya Ƙi Sayar Da Harshensa

Na san da yawanmu ƙwallon ƙafa muka sani, wasan besbol kuwa sai dai mu gan shi a fim: mutum ɗaya ya jefo ƙwallo, wani ya maka mata kulki ya ruga a guje. To amma yau ina so ku ba ni aron hankalinku a kan wani ɗan wasan besbol mai suna Felipe Alou, domin rayuwarsa ta amsa wata tambaya da duk mai zaune a garin da ba nasa ba ya taɓa yi wa kansa: shin don a karɓe ka, wajibi ne ka haɗiye harshenka, ka kuma yi gum idan an taka ka? Ni dai ra'ayina a'a ne.

An haifi Felipe a 1935 a garin Haina da ke Jamhuriyar Dominika, ƙasar da Sifaniyanci ne harshenta. Gidansu talakawa ne, mahaifinsa kafinta ne kuma maƙeri. Burinsa ya zama likita, har ya shiga jami'a a Santo Domingo, amma da talauci ya matsa wa gidan, sai ya sa hannu da ƙungiyar Giants ta Amurka a 1955 a kan dala 200 kacal. Tun daga wannan takarda aka fara rage masa wani abu, domin sunan mahaifinsa Rojas ne, Alou kuwa na dangin mahaifiyarsa ne. Waɗanda suka ɗauke shi ba su fahimci yadda mutanensa ke jera suna ba, suka rubuta Alou, sunan ya bi shi har abada. Duk wanda aka taɓa murɗe wa suna a takardar makaranta ko ta asibiti ya san yadda abin yake a zuci.

A 1956 aka tura shi Lake Charles a jihar Luwiziyana, inda wariyar launin fata ta hana baƙar fata wasa da farare. Wasanni kaɗan ya buga aka sa shi a bas zuwa Cocoa a jihar Fulorida, ga shi ba ya jin Turanci. A can ya fi kowa iya bugu a gasar a shekarar, kuma a 1958 ya hau babbar ƙungiyar a San Faransisko. Ƙannensa biyu, Matty da Jesús, suka biyo shi, har a ranar 15 ga Satumba 1963 su ukun suka tsaya tare suna tsaron bayan fili a wasa guda.

To ga inda maganar take. Manajan Giants na lokacin, Alvin Dark, ya nemi 'yan wasansa masu Sifaniyanci su daina magana da harshensu a ɗakin sauya kaya, wai don haɗin kan ƙungiya. Felipe bai yarda ba. Ku duba fa, wanda ke zaune kusa da shi ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya, a ce sai da Turanci zai gaishe shi? Sannan shugaban hukumar wasan, Ford Frick, ya ci shi tarar dala 250 saboda ya buga wasannin sada zumunta a ƙasarsa ta haihuwa. A ƙarshen 1963 Felipe ya fito a mujallar Sport da wata maƙala yana neman a tsara haƙƙoƙin 'yan wasan Latin Amurka, a ba su wanda zai riƙa magana da yawunsu. Cikin watan Disamba na wannan shekara Giants suka miƙa shi ga ƙungiyar Braves ta Milwaukee.

Wani zai ce, ka gani ko? Da ya kama bakinsa da bai rabu da ƙannensa ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin mai iyali ba ya wasa da hanyar abincinsa, kuma baƙo idan ya cika ƙorafi shi ake fara sallama. Sai dai a duba me ya riƙe a hannu lokacin da ya buɗe baki. A 1966 ya fi kowa yawan bugu mai kai mutum sansani a gasarsu, guda 218, ya kuma tsallakar da ƙwallo bayan katanga sau 31. A ma'aunin iya bugu na shekarar shi ne na biyu, na ɗaya kuwa ƙaninsa Matty. Ya yi shekara 17 yana wasa kafin ya ajiye kulki a 1974. Wanda aikinsa ke da nauyi haka, ko an kore shi daga wannan ƙofa, wata na buɗe.

Haƙurinsa kuma a wani wuri ya nuna shi. Ya shiga ƙungiyar Expos ta Montiriyal a Kanada a 1976, ya shafe shekaru yana horar da matasa a ƙananan ƙungiyoyinta, ana ɗauko wasu ana ɗorawa a babbar kujera. Sai a watan Mayu 1992, yana da shekara 57, aka naɗa shi manaja, ya zama ɗan Dominika na farko da ya riƙe wannan muƙami a babbar gasar. A 1994 ƙungiyarsa ta fi kowace nasara, ta ci wasa 74 ta faɗi 40, sai yajin aikin 'yan wasa ya tsayar da kakar a watan Agusta, aka soke wasan ƙarshe na cin kofi baki ɗaya. An zaɓe shi gwarzon manaja, amma masu ƙungiyar suka rabu da manyan 'yan wasansa don rage kashe kuɗi. Ya ci gaba da raino irin su Pedro Martínez da Vladimir Guerrero. A 1998 ƙungiyar Dodgers mai kuɗi ta neme shi, ya zaɓi ya zauna a Montiriyal. A 2001 aka sallame shi.

A nan kam ba zan ɓoye ba, ina ganin ya yi wa masu ƙungiyar biyayyar da ba su cancanta ba. Amma lura da bambancin: ya jure jinkiri, ya jure ƙarancin kuɗi, ya jure rashin godiya, abin da bai taɓa jurewa ba shi ne a ce ya ji kunyar asalinsa. Mu kan haɗa biyun mu kira su haƙuri, alhali ɗaya haƙuri ne, ɗayan ƙasƙanci.

A 2003 Giants ɗin nan da suka rabu da shi shekara 40 baya suka dawo da shi a matsayin manaja, ya ci musu wasa 100 a kakar farko. Ya sauka a 2006 da nasara sama da 1,000 a aikin manaja. Ɗansa Moisés ya buga wasa a ƙarƙashinsa, wani ɗan nasa kuma ya zama manajan New York Mets a 2020 da 2021, kuma da sunan Luis Rojas aka san shi, sunan kakansa kafinta.

Don haka ɗan'uwa, koyi harshen masu gari, girmama su, riƙe sana'arka da kyau yadda ba mai raina ta. Amma idan ka shiga gida, yi wa yaranka magana da harshen da uwarka ta yi maka, kuma idan an zalunce ka, faɗa da ladabi a inda za a ji. Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa mu gama da mutuncinmu. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.