Yaryaɗi Mai Gaggawar Fure

Wani malamin makaranta ya aiko da takarda yana tambaya a kan yaryaɗin nan na ado, ɗan'uwan dankali da duman rafi, wanda mutanen Japan ke kira asagao, watau fuskar safiya. Ya ce nasa bai fi taƙi guda ba ya fara fure, ya daina hawa, ga rumfar da ya kafa masa tana nan tsirara.

To, Malam, ni a ganina irinka lafiya lau yake. Dare ne ya ruɗe shi. A 1920 waɗansu masana biyu a Amurka, Garner da Allard, suka gane cewa tsire-tsire da yawa suna auna lokacin furensu da tsawon yini. A 1938 kuma aka tabbata tsawon duhu ne suke lissafi. Yaryaɗin Japan kuwa yana da saurin ji ƙwarai. In duhu ya zarce kamar awa 9 ko 10 ba yankewa, sai ya ɗauka kaka ta yi. Ko yana da ganyen fari biyu tak, dogon dare ɗaya ya isa ya sa shi ɗaura niyyar fure.

Dubi ƙasarmu. A Kano dare ba ya kasa awa 11, ko da rani ko da damina. Ashe tun ran da ya tsiro, kowane dare umurni ne. Manoma sun san irin wannan hali ga dawa da waken gargajiya, waɗanda ba su fure sai damina ta juya baya, sai dai su awon da suke bi ya dace da ƙasarmu.

Maganin shi ne a gajarta masa dare. A rataya fitilar lantarki, ko mai aiki da hasken rana, kusa da shi, daga magariba har ƙarfe 11. Lalle kowane dare, kada a tsallake ko ɗaya, tun daga fitowarsa.

Yunwa da ƙaramar tukunya da sanyin hunturu su ma suna ingiza shi, saboda haka a sauya masa mazauni mai faɗi, a ba shi taki. Ƙunshin furen da ya riga ya fito a tsinke shi da farce. In ƙunshin a kan tsiron yake, a yanke kan, reshe zai fito daga gefe. Sa'ad da ya rufe rumfa, sai a ɗauke fitila, bayan 'yan makonni a sha kallo da sassafe.