Raddi Ga Masu Cewa Ɗan Wasa Ba Ya Buƙatar Horo

Wata magana ta yaɗu tsakanin matasa masu wasan kwaikwayo a Kazaure da Roni da Gwiwa har Babura, wai kwaikwayo baiwa ce zalla, horar da ɗan wasa kuwa al'adar Turawa ce. Maganar tana damuna, domin tana kashe mana yara masu hazaƙa.

Hujjarsu ta farko, wai manyan 'yan wasanmu ba su shiga ajin kowa ba. To, rashin aji ai ba rashin horo ba ne. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya fito a matsayin Samanja, ya yi aikin soja, kuma daga zaman bariki ya tsinto tafiyar Samanja da tsawarsa da gurɓatacciyar Hausarsa. Fim ɗin Turmin Danya na 1990, wanda ake ƙirga farkon Kannywood daga kansa, aikin ƙungiyar Tumbin Giwa ne, mutanen da suka daɗe suna goge juna a wasan daɓe.

Ta biyu, wai abin baƙo ne. Nan ne suka fi yin nisa da gaskiya. Yaron da ke tashe daga goma ga azumi, wa ya koya masa rawar murya da dogara sanda irin na tsoho? Kallo ya yi, ya gwada, yayyensa suka gyara masa. Ɗan kama ma sai ya bi ubangidansa kasuwa-kasuwa kafin a bar shi ya buɗe baki. Stanislavski na Rasha ya tsara irin wannan lura da maimaici ne ya mayar da su darasi. Peter Brook kuwa, a ƙarshen 1972 ya ratso Sahara da 'yan wasansa ta Agadas har Kano, suna shimfiɗa darduma a ƙauyuka suna wasa, don neman abin da dandamalin Turai ya rasa.

Ta uku, wai ba mu da zauren wasa. Grotowski na Folan ya nuna cewa ɗan wasa da mai kallo sun isa. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello sun kai Wasan Manoma Soba a 1977, suka yi shi a fili kan matsalolin manoman. Kuma filin ya fi zaure neman horo: ranar kasuwar Babura, in ba lasifika, wanda bai koyi sarrafa numfashinsa ba muryarsa za ta dishe kafin na baya su ji abin da yake faɗa.