Dukiyar Takarda Da Dukiyar Rumbu

Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin ma'aikata da samarin da suka ɗan taɓa makaranta, tun daga Boɗinga har Shagari, wadda ya kamata a tsaya a tsefe ta tun ba ta cinye sauran gonakin da suka rage ba. Cewa suke yi wai noma da kiwo wahala ce ta wanda bai waye ba, wai mai hankali a wannan zamani yana kwance a ɗaki kuɗinsa ke haihuwa a cikin waya. Da kansu kaɗai suke cuta da wannan magana, da sai mu ce Allah ya kyauta, mu wuce. Amma su ne mutanen ƙauye ke kawo wa takarda su karanta musu, su ake tambaya shawara, saboda haka ɓatansu ba ya tsayawa a kansu.

To, bari mu fara da ba su gaskiyarsu, don suna da 'yar gaskiya. Sun ce wanda ya ƙulle kuɗi a tukunya ko ƙarƙashin katifa ya yi hasara, kuma haka ne. A 1980, lokacin da ɗan garin nan Alhaji Shehu Shagari ke shugabancin Nijeriya, dalar Amurka ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba, wajen kwabo 55 ce. A 2015 gwamnati na sayar da ita wajen naira 197. A 2024 ta haura naira 1,500. Watau mutumin da ya binne naira 100,000 a 2015, ya binne abin da ya kai dala 500, ran da ya tono su a 2024 kuwa bai sami ta dala 70 ba, alhali ba ɓarawon da ya shiga gidansa, gara ba ta taɓa ko takarda ɗaya ba. Wanda ya kai nasa banki ma bai tsira duka ba, gama a watan Disamba na 2024 tsadar kaya ta ƙaru da kashi 34.8 cikin 100 a shekara, abin da banki ke ƙara wa mai asusun ajiya kuwa bai kai kashi 10 ba. Ga kuma canjin kuɗi, wanda dattawa suka gani a 1984, yara suka gani a farkon 2023, sa'ad da mutum ke da kuɗi amma ya rasa abin cefane.

Wannan ciwo gaskiya ne. Maganin da suka kawo shi ne ƙarya. Sun ga takarda na narkewa, sai suka ce a kai ta inda za ta ninka. A 2016 aka yi MMM, wadda ta yi alkawarin ƙarin kashi 30 cikin 100 kowane wata, ta rufe asusun mutane a watan Disamba na shekarar. Aka yi kuka, aka share hawaye, aka manta. A watan Afrilu na 2025 sai ga CBEX ta rushe, ita kuwa alkawarinta ma ya fi, wai kuɗinka su ninka cikin kwana 30. Ina roƙon malamin makarantar da ke sayar da wannan magana ya ɗauki alli ya yi lissafin da yake koya wa 'yan aji shida. Naira 100,000, in suna ninkawa kowane wata, a shekara guda sun zama naira miliyan 409 da ɗoriya. A shekara ta biyu sun haura tiriliyan ɗaya da rabi. Wace sana'a ce a duniya ke ba da haka? Ba man fetur ba, ba zinariya ba. Kuma in da wani ya san hanyarta, me zai sa ya zo Dancaɗi ko Kajiji yana neman 'yan kuɗin mai sayar da ƙuli-ƙuli? Abin da ake yi a fili yake: kuɗin wanda ya shigo yau ake biyan wanda ya shigo jiya, ran da masu shigowa suka ragu sai a rufe ƙofa. Wanda aka biya da fari, ya sayi babur yana yawo ana nuna shi, tsaba ce aka watsa wa kaji, ko ya sani ko bai sani ba. Gwamnati ta yi sabuwar doka a 2025 wadda ta tanadi ɗauri ga masu wannan sana'a, amma ɗaurin wani ba ya mayar wa mutum da fadamar ubansa.

Nan ne bakin zaren. Mai binne kuɗi da mai ninka kuɗi kuskurensu ɗaya ne, dukansu da lamba suke ƙirga dukiya. Kakanninmu da suka ga wuri ya yi araha, sa'an nan Turawa suka zo suka kashe shi, ba su yarda da lamba ba. In ka tambaye su arzikin mutum, sai su ce damensa kaza, tumakinsa kaza, fadamarsa daga nan zuwa can. Dame dame ne, ko a zamanin wuri, ko na sule, ko na naira. Tunkiya kuwa haihuwarta a gaban idonka take yi, wata biyar ta ɗauki ciki ta sauke, ba sai wani da ba ka taɓa gani ba ya aiko maka da labari ta waya.

Dubi albasa, wadda ƙasar Sakkwato da ta Kabi suka yi suna da ita. Lokacin da ake cire ta, a ƙarshen rani, kasuwa cike take, kowa na neman ya rabu da tasa, mai saye ne ke yanka farashi. Bayan 'yan watanni, in ta yi ƙaranci, buhun nan ba a taɓa shi sai da shiri. Wanda ya gina rudu mai kyau, ya ɗaga shi daga ƙasa, ya bar iska na ratsawa, yana shiga yana tsince wadda ta fara ruɓewa, shi ke cin bambancin. Lalle wata za ta ruɓe, wata ta tsira, wata ta bushe ta rage nauyi, kuma sai an fitar da wannan cikin lissafi. Amma riba ce wadda mutum zai iya faɗin inda ta fito. Haka ragon da aka saya ɗanye bayan kaka, aka turke shi da harawa da kowa da dusa har Babbar Salla. Haka rijiyar burtsatse da injin ban ruwa a fadama, masu mayar da shekarar noma ɗaya ta zama biyu. Abin takaici, mafi yawan manomanmu ba su ne ke cin wannan riba ba, don tun da damina sun ci falle, sun karɓi kuɗin dame ɗaya za su biya biyu, ran da aka yi girbi amfanin ya riga ya zama na wani. Da ma'aikacin da ke tura albashinsa ga baƙin waya ya haɗa jari da ƙanensa manomi, da ya fitar da shi daga hannun mai falle, su biyu su raba abin da ya samu.

Na san abin da za su ce, kuma ba zan kauce masa ba. Za su ce ɓarayin daji na kore shanu, kuma masifar da ta fi tsanani a wajen Isa da Sabon Birni ba ta ƙyale ƙauyukan wannan shiyya ba. Za su ce ambaliya na cinye fadama. Za su ce a 2024 gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da masara da shinkafa ba haraji, farashin hatsi ya faɗi a 2025, waɗanda suka ɓoye suka yi kuka. Duk gaskiya ne, kuma wanda ya ce noma ba hasara maƙaryaci ne. Sai dai a auna hasarar. Wanda farashi ya faɗo masa yana da hatsin, iyalinsa za su ci tuwo. Wanda ruwa ya ci shukarsa yana da gonar, baɗi zai koma. Wanda CBEX ta cinye, me ya rage masa in ba hoton lambobi ba? Abin da wannan hujja tasu ke koyarwa shi ne kada a tara duka wuri ɗaya: kaɗan a rumbu, kaɗan a turke cikin gida inda ido ke kai, kaɗan a banki don lalurar asibiti, inda ma hukumar inshorar ajiya ta lamunce wa mai asusu har naira miliyan 5 tun 2024. Mai gudun kuɗin ruwa yana da mafita, ga bankin Jaiz tun 2012, ga takardun sukuk da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017 don gina hanyoyi, waɗanda aƙalla an san wanda ya karɓi kuɗin da abin da ya yi da su.

Ai ƙasar ma kanta ta taɓa yin irin wannan ganganci. Shugaba Shagari ya ƙaddamar da shirin bunƙasa noma a 1980, amma kuɗin mai sun riga sun koya wa mutane cin shinkafar jirgi, da farashin man ya faɗi sai ga dokar tsuke bakin aljihu a 1982. Madatsar ruwan da ke Shagari tana nan, kuma mai hankali zai tambayi kadada nawa ake nomawa da ruwanta kafin ya tambayi nawa dala ta kwana.

Maganata ta fi ƙarfi a kan sayar da gona. Boɗinga na bakin birni, masu kuɗin Sakkwato na fitowa suna taya filayen bakin hanya, kuma kuɗin da suke miƙawa na da yawa a idon wanda bai taɓa riƙe miliyan ba. Mai sayarwa ya tsaya ya tambayi kansa dalilin da ya sa attajirin nan, wanda ya fi shi sanin banki, ya fi shi sanin waya, yake ɗokin rabuwa da takardunsa don ya karɓi ƙasa. In matsuwa ta kai matsuwa, akwai haya, akwai noman raba-daidai, akwai sayar da ɓangare a bar ɓangare. Gonar gado kuwa ba ta mutum ɗaya ba ce, akwai rabon 'yan'uwa mata da na marayu a ciki, kuma alƙali ba zai karɓi uzurin cewa waya ce ta cinye ba.