Mu Buɗe Ajin Turanci Na Manya A Majami'unmu

Duk ranar Lahadi majami'unmu na Hausa a Kano, Kaduna, Jos da Yola cike suke da mutane masu neman na kansu: direbobi, teloli, birkiloli, masu gadi da mata masu sayar da abinci. A cikinsu akwai baƙi daga Nijar, Cadi da arewacin Kamaru, wasunsu ma sun yi makaranta sosai, amma da Faransanci. Hausa ta haɗa mu a wurin sujada da cikin kasuwa. Amma da zarar an shiga banki, ko asibiti, ko kotu, sai a fito da takarda, takardar kuwa da Turanci take.

A nan ne ake cutar mutanenmu. Magidanci ya dangwala yatsa a kan yarjejeniyar haya ko ta bashi bai san abin da ke ciki ba. Uwa ta kasa karanta ƙa'idar maganin ɗanta. Ƙwararren makanike ya shekara goma a wurin aiki, a ɗora masa yaro a kansa don kawai yaron ya iya rubuta rahoto. Ra'ayina shi ne, kowace ikilisiya da ke da benci da allo ta buɗe ajin Turanci na manya.

Wannan ba baƙon aiki ba ne a gare mu. Tun da aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, a wurare da yawa ajin baftisma shi ne ajin koyon karatu. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta yi Yaƙi da Jahilci, a 1990 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar ilimin manya ta ƙasa. Amma gwamnati ba ta san sunan mai gadin unguwarmu ba. Mu mun sani, gama tare muke zama a benci ɗaya.

Wasu dattawa suna tsoron kada Turanci ya kashe sujadar Hausa. Tsoron yana da dalili, domin mun ga matasa suna guje wa sujadar iyayensu. Amma mu duba Manzo Bulus a Ayyukan Manzanni sura 21 da 22. Ya yi wa shugaban sojoji magana da Helenanci ya sami izini, sa'an nan ya juya ga jama'arsa da harshen gida, suka yi tsit. Bai yar da ɗaya don ya riƙe ɗaya ba. Littafin Firistoci sura 19 kuma ya umarce mu mu ƙaunaci baƙon da ke zaune tare da mu kamar kanmu. Ƙauna ba ta tsaya a gaisuwa bayan sujada ba.

Abin ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A ware yamma biyu a mako. A roƙi malaman makaranta masu ritaya da 'yan bautar ƙasa da ke cikinmu su ba da awa ɗaya. Wanda bai iya karatu ba ko kaɗan, a fara masa da Hausa, tun da yake da baƙaƙen boko ake rubuta duka biyun. A koyar da abin da aiki ke bukata: cika fom, karanta rasit, rubuta wasiƙar neman aiki, amsa tambayar likita. Kada a haɗa manya da yara, kada kuma a yi wa kowa dariya, domin kunya ce ke korar babba daga aji. Zumuntar Mata ta shirya masu kula da jarirai don iyaye mata su samu zuwa. A bar ƙofa a buɗe ga maƙwabtanmu Musulmi ba tare da wani sharaɗi ba.

Fastoci da dattawa, ku sa wannan magana a taron majalisar ikilisiya mai zuwa. Ubangiji ya ba mu zuciyar hidima. Amin.