Kada Gidajen Rediyo Su Saki Iska Saboda Waya

Tun da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a watan Maris na 1957, Rediyon Kaduna kuma ya biyo baya a 1962, akwatin rediyo ya zama abokin zaman Bahaushe: makiyayi ya rataya shi a kafaɗa, mai shayi ya ajiye shi a kan tebur, jama'a su yi tsit idan lokacin labaran duniya ya yi. Yanzu akwatin ya ragu a majalisu, har wasu na cewa wayar hannu ta binne rediyo. Ban yarda da wannan magana ba. Rediyon ne ya ƙaura zuwa cikin waya. Shirin In Da Ranka na Freedom Radio, tashar da aka buɗe a Kano a 2003, yana isa kunnen Bakanon da ke zaune a Makka ta intanet, kuma mai sauraron da a da yake aika takarda ya yi makonni yana jiran amsa, yau sai ya buga waya a ji muryarsa nan take.

Damuwata a wani wuri take. Saurare iri biyu ne a cikin wayar. Akwai zangon FM, wanda ko ƙaramar waya mai tocila tana kamawa ba tare da an biya ko sisi ba, akwai kuma na Facebook da YouTube, wanda sai da data. Tashoshi da yawa sun karkata ga na biyun: an kafa kyamara a ɗakin watsa shiri, ana ƙirga masu kallo, na'urar da ke tura murya ƙauye kuwa ana kashe ta da wuri saboda tsadar man dizal. Waɗanda ake bari a baya su ne manomi da matar da ke cikin gida, waɗanda ƙarin kashi 50 cikin ɗari da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da shi a kan kuɗin kira da data a Janairun 2025 ya fi yi wa nauyi. Ga kuma abin da intanet ke yi wa shirin kansa: ana yanko minti biyu mafi zafi daga bakin sojojin baka a yaɗa a WhatsApp, shirin lafiya ko na noma kuwa ba mai turawa.

Za a ce matasa da masu talla duk sun koma intanet, kuma iskar ma ana toshe ta, tunda mahukuntan Nijar sun dakatar da RFI a Agustan 2023, suka dakatar da BBC na wata uku a Disamban 2024. Duka gaskiya ne. Amma a Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato saboda yaƙi da 'yan bindiga, wayoyi sun yi makonni ba kira ba saƙo, mutanen karkara kuwa ta rediyo suka riƙa sanin halin da ake ciki. Tunda kowace hanya tana iya toshewa, bai kamata a dogara da guda ba. Batun talla kuma bai zama hujja ga gidajen rediyon jihohi ba, domin da kuɗin jama'a ake tafiyar da su. Ya kamata majalisun jihohi su ware musu kuɗin gyaran na'urorin watsa shiri da na wutar sola kafin a sayo musu sabbin kyamarori.