IN KWAMFUTA TA ƘI CAJI, A BI WUTA DAGA MAFARINTA

Babu maganar da ke kashe wa mai kwamfutar tafi-da-gidanka jiki kamar mai gyara ya juya ta sau biyu, ya danna maɓalli, sa'an nan ya ce masa bod ya ƙone. Bod, watau babban allon nan na ciki wanda dukan kayan aikinta ke manne a jikinsa, yana cikin mafi tsadar abin da ke cikin kwamfuta, har sau da yawa kuɗin sauya shi yakan kusa sayen wata ta hannu. Ɗalibin da aikinsa na ƙarshen shekara ke ciki, da ɗan kasuwar da lissafin bashinsa ke ciki, in suka ji wannan hukunci sai hankalinsu ya tashi. Alhali kuwa a lokuta da dama abin da ya lalace bai kai girman ƙwayar shinkafa ba.

Abin da filin zai duba a wannan mako shi ne yadda ake gano laifin, domin wuta a cikin kwamfuta ba ta tafiya barkatai. Tana da hanya, tana da ƙofofi, kuma wata ƙofa ba ta buɗewa sai ta gabanta ta buɗe. Manomin rani a Kadawa in ruwa ya yanke masa ba ya soma da tone gonarsa. Magudana yake bi sama har ya kai inda ta toshe. Haka nan mai gyara na ƙwarai yake yi da mitarsa ta awon wuta.

Mafarin hanya shi ne caja. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, aikin caja kuwa shi ne ta sauko da ita zuwa bolt 19 ko 19.5 ko 20, gwargwadon irin kwamfutar. A jikin kowace caja an rubuta ƙarfinta: mai wat 65 ta kamfanin Dell, alal misali, tana ba da bolt 19.5 da amfiya 3.34, mai wat 90 kuwa amfiya 4.62. To, abin farko shi ne a ɗora mita a bakin cajar a ga ko wannan adadi ya fito. Amma fa ko ya fito bai isa shaida ba, gama caja mai rauni takan nuna cikakken adadi in ba ta ɗauke da kaya, da an jona ta sai ta durƙushe. Saboda haka gwaji mafi inganci shi ne a samo wata caja ta asali mai daidai ƙarfin, a jona a gani.

Akwai kuma wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Cajojin Dell da na HP masu zagayayyen baki suna da wani siririn tsinke a tsakiya, wanda ba wutar aiki yake kai wa ba, labari yake kai wa, watau shi ne ke shaida wa kwamfuta ƙarfin cajar da aka jona mata. In tsinken nan ya karye, ko kuwa cajar jabu ce, kwamfutar Dell takan kunnu amma ta ƙi cajin batir, har ma ta rage saurin aikinta. Masu irin wannan matsala da dama sun sayi sabon batir a banza. Sababbin kwamfutoci masu ƙaramin bakin nan na USB-C su kuma sai an yi ciniki: caja tana somawa da bolt 5, sai kwamfuta ta nemi ƙari kana ta hau zuwa 20. In mitar da aka sa tsakani ta tsaya a kan 5 ba ta motsa ba, to, cinikin ne bai faɗa ba, laifin kuwa yana ga wayar, ko bakin, ko aisin da ke kula da shi.

Bayan caja sai ramin da ake soka ta. Yawan tuntuɓe da waya da ɗaukar kwamfuta tana jone suna sassauta shi. Alamarsa ita ce caji ya kama in an karkata kan cajar, ya saki in an sake shi. A kwamfutoci da yawa wannan rami a kan 'yar waya yake, ana zare ta a sa wata ba tare da an taɓa dalma ba.

Tun kafin a tsunduma cikin allo akwai gwaji guda da ke raba gardama. A cire batir, a zare caja, a danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30, sa'an nan a jona caja ita kaɗai. In kwamfuta ta tashi, to, allon na da rai, a koma kan batir. In tana tashi da batir amma ba ta tashi da caja, laifin yana tsakanin rami da ƙofar shiga. In kuwa ta ƙi da kowanne, sai a shirya doguwar tafiya. Har ila yau ya kamata a leƙa saitin kwamfutar, domin kamfanoni irin su Lenovo da Asus suna sa wani tsari da ke tsayar da caji a kashi 60 ko 80 cikin ɗari don batir ya daɗe. Wanda bai san da wannan ba sai ya ɗauka cuta ce, alhali magani ne.

Batirin kansa ba tulun wuta kurum ba ne. A cikinsa akwai ƙwayoyi, kowace tana da kimanin bolt 3.7, in ta cika ta kai 4.2. Uku a jere su ne ke ba da bolt 11.1 da akan gani a rubuce, huɗu kuwa 14.8. Akwai kuma ɗan allo mai tsaronsu, wanda ke magana da kwamfuta ta wasu siraran layuka biyu. In aka ajiye kwamfuta wata da watanni ba caji har ƙwayoyin suka faɗi ƙasa da ƙima, mai tsaron nan yakan rufe ƙofa ya ƙi karɓar wuta. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga wurin taɓawa, wannan ba abin gyara ba ne. A cire shi da hankali, kada a huda shi, kada a danne shi, domin yana iya kamawa da wuta.

In an tabbata caja da rami da batir duk lafiya, sa'an nan ne ake buɗe allo, kuma aikin farko shi ne na ido. A duba ko akwai wurin da ya yi baƙi, ko koren tsatsa da ruwan shayi ko danshin damina ya bari, ko ƙurar hunturu da ta dunƙule, ko gawar kyankyaso, gama ɗumin kwamfuta yana jawo ƙwari. Bayan ido sai mita.

Wutar da ta shigo takan ratsa fis a wasu allunan, sa'an nan ta iske ƙofofi biyu a jere waɗanda masu gyara ke kira mosfet. Mai gadin waɗannan ƙofofi shi ne aisin caji, yawanci ƙirar kamfanin Texas Instruments ko Intersil. Shi ba ya buɗewa sai ya auna wutar ya gamsu. A irin na Texas Instruments da suka yawaita, ƙafar da ke tantance caja sai ta ga sama da bolt 2.4, sa'an nan aisin ya tura kimanin bolt 25 zuwa ga mosfet ɗin su buɗe. Saboda haka in an sami 19 a gaban ƙofa ba a samu a bayanta ba, kada a yi gaggawar ɓamɓare mosfet. A fara tambaya: ƙofar ce ta lalace, ko mai gadi ne ya ƙi buɗewa don ya ga abin da bai gamshe shi ba? Sau da yawa wata 'yar rasista ce da ke raba wutar awo ta sauya hali.

Daga ƙofa wuta takan ratsa wata rasista mai ƙanƙanin tsaiko, kamar om 0.01, wadda da ita ake ƙidayar abin da kwamfuta ke sha, sa'an nan ta faɗa babban layi mai ciyar da dukan sassa. A nan ne aka fi samun abin da ake kira shot, watau layin wuta ya haɗe da na ƙasa. Alamarsa ba ta ɓuya: da an soka caja sai fitilarta ta mutu, domin tana kare kanta. Mai laifin kuwa galibi ɗaya ce daga cikin ƙananan kafasitoci masu ruwan ƙasa da ke jere a kan layin. Sai dai suna da yawa, kuma mita za ta yi ƙara a kan kowace daga cikinsu tun da duk layi ɗaya suke.

Dabarar da masana ke yi ita ce su tura wuta kaɗan, kamar bolt 1, daga injin wuta na kan tebur wanda ake iya ƙayyade masa amfiya, sa'an nan su nemi abin da ya yi zafi. Wasu da yatsa suke ji, wasu su zuba sifirit su ga inda ya fara bushewa, masu hali kuwa suna da kyamarar da ke nuna zafi. Dalilin tsayawa a bolt 1 babba ne. In mosfet ɗin da ke ciyar da ƙwaƙwalwar kwamfuta ne ya haɗe, duk abin da aka tura kai tsaye zai zarce gare ta, ita kuwa da wajen bolt 1 take aiki. Wanda ya tura mata 19 don ya gama da wuri, garin gyaran gira ya rasa ido ke nan. Haka kuma layin ƙwaƙwalwar da ma can tsaikonsa kaɗan ne, 'yan om ƙalilan, don haka ƙarar mita a kansa ba ita ce hujjar shot ba. Kuma a allunan zamani masu USB-C, babban layi yakan bi adadin batir maimakon 19. Wanda bai duba taswirar allon ba sai ya zaci wuta ce ta gaza.

In babban layi lafiya lau, mataki na gaba shi ne wutar jiran aiki, watau bolt 3.3 da bolt 5. Ana auna su a kan wasu koyil biyu da ke maƙwabtaka da juna, ko da yake a wasu allunan sai an danna maɓalli suke cika fitowa. Daga 3.3 ne wani aisi mai ƙafafu da yawa ke ci, wanda shi ne wakilin gida: shi ke jin dannawar maɓalli, shi ke magana da batir, shi ke ba sauran sassa izinin tashi. A ƙafar maɓalli ya kamata a sami 3.3, in an danna ta faɗi zuwa sifiri, in an saki ta koma. Daga nan sauran wutar ke tashi bi da bi, har da ta ma'ajiyar wucin gadi, wadda take bolt 1.5 a irin DDR3, da 1.35 a DDR3L, da 1.2 a DDR4, da 1.1 a DDR5, sa'an nan ta ƙwaƙwalwa daga ƙarshe. Inda jerin ya tsaya, nan laifin yake, ko kuwa taki ɗaya kafin nan. Ɗan batirin nan mai kama da kwabo, mai bolt 3, shi ma in ya mutu yakan hana wasu kwamfutoci tashi, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Duk wannan bayani ba don kowa ya kwance kwamfutarsa ba ne. Amfaninsa ga mai kaya shi ne ya san irin tambayar da zai yi. Ko a Computer Village ta Ikeja ne, ko Banex a Abuja, ko Farm Centre a Kano, akwai gwanaye na haƙiƙa, akwai kuma masu koyo a kan kayan mutane. In mai gyara ya ce bod ya ƙone, a tambaye shi: a wane layi wuta ta tsaya, kuma nawa mita ta nuna? Gwani zai amsa nan take, har ya nuna wurin. Wanda kuwa bai auna komai ba ya jawo bulowa yana gasa allo ko Allah zai sa ta tashi, gara a karɓi kaya a yi gaba, domin zafin da ya wuce ƙima yakan ɓata abin da da ma lafiyarsa ƙalau.

Kafin a yarda a sauya allo kuma, a yi maganar abin da ke ajiye a ciki. Mutuwar allo ba ta shafe takardu da hotuna, gama suna kan faifan ajiya wanda akan iya cirewa a karanta a wata kwamfutar. Amma a wasu sababbi, kamar na kamfanin Apple na 'yan shekarun nan, ma'ajiyar a manne take da allon, in ya tafi da ita ya tafi. Kuma kwamfutar da aka kulle da BitLocker, in an sauya mata allo za ta nemi mabuɗi mai lamba 48, wanda in babu shi ba mai iya buɗe ta.

Sauran magana ta rigakafi ce. Araha ba ta ado: cajar jabu ba ta da isasshen tsaro a cikinta, kuma tana iya kashe ƙofar shiga. A zare caja lokacin da ake tayar da janareto ko ake sauyawa daga wutar gari, a kuma zare ta in hadari ya taso da tsawa. Kada a ɗora kwamfuta a kan katifa tana aiki, kada a bar ta cikin mota a rana, domin zafi yana tsufar da batir. Wanda zai ajiye ta na dogon lokaci ya bar mata kamar rabin caji, yana leƙa ta lokaci lokaci. Sa'an nan duk takardar da rashinta zai hana mutum barci, ya kwafe ta a wuri na biyu tun kwamfuta na da lafiya, gama ba a fafe gora ranar tafiya.